Ranar da Na Gyara wa Surukata Ruwan Rijiya

Ba zan taɓa mantawa da bikin Balki ƙanwar mijina ba, ko da ita Balkin za ta wayi gari ta manta. A 1998 aka yi shi, a Nahuce ta ƙasar Bunguɗu. Lokacin watana bakwai da aure, ina koyar da kemistiri a wata makarantar 'yan mata a Gusau, kuma (Allah Ya yafe mini) ji nake duk faɗin Zamfara babu wanda ya kama ƙafata a ilimi. Jihar sabuwa ce, digirina ma sabo ne, sai nake ganin kamar tare aka kawo mu don mu taimaki juna.

Kafin aurenmu, mijina Lawali da yayyensa sun haɗu sun haƙa wa mahaifiyarsu rijiya a tsakar gida, mai zurfi, aka yi mata murfin siminti aka dasa famfon hannu, don Inna ta huta da aike rafi. Rijiya ta ba da ruwa, sai dai ruwan munafuki ne. In aka buga, garau yake fitowa kamar hawaye. A bar shi a bokiti a je a dawo, sai a tarar ya koma jajaja kamar an wanke tsohon langa-langa a ciki. Farin kaya in an wanke sai su fito da ɗigon tsatsa. Kwanonin samira na Inna duk sun yi baƙin zobe a ciki, wanda toka da soso suka kasa fitarwa. Shayi kuwa, kana kurɓa kamar ka tsotsi ƙusa. Ƙarshe dai Inna ta koma wa ruwan rafinta, rijiyar da aka sha wahala a kanta ta zama ta awaki.

Ranar da na fara ganin ruwan nan, daɗi ya kama ni kamar an yi mini albishir. Ku fahimce ni. Amarya ce ni a dangi, 'yar birni wadda ba ta iya daka ba, ba ta iya tuƙa tuwon mutum talatin ba. In na leƙa madafa sai matan yayyen Lawali su ce, "Malama, zauna ki huta," irin hutun nan da ke nufin kada ki ɓata mana aiki. To yau ga abin da na iya ya faɗo har tsakar gida.

Na durƙusa gaban Inna na ce, "Inna, ruwan nan fa ba lalatacce ba ne. Ƙarfe ne a cikinsa."

Tana tsintar wake a faifai, ta ɗago ta dube ni. "Ƙarhe cikin ruwa? Ni dai ko allura ban gani ba."

Shi ke nan na gyara zama na buɗe aji. Na ce a can ƙarƙashin ƙasa inda babu iska, ƙarfe narkewa yake yi a ruwa yadda gishiri ke narkewa, ba a ganinsa. Da ruwan ya fito ya sha iska sai ƙarfen ya yi tsatsa, shi ne jan nan. Baƙin zoben kwanoni kuma aikin ɗan'uwansa ne, manganis, wanda ya fi shi taurin kai: iska kaɗai ba ta fitar da shi da wuri, sai an ɗan karkatar da ruwan daga ɓangaren tsami zuwa ɓangaren kanwa. Na ce akwai ma'auni da muke kira pH, bakwai ce tsakiyarsa, ƙasa da bakwai tsami, sama da bakwai kaifin kanwa.

Inna ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Shi wanga manganis, mi sunanshi da Hausa?"

Na ce ba shi da suna.

"To wanda ba ki san sunanshi ba, ina kinka san halinshi?"

Na yi dariyar ladabi, amma a raina na ce za ki gani.

Mako biyu bayan haka na dawo da kayan aiki: garin layim, farar hodar nan da ma'aikatan ruwa ke amfani da ita, da 'yar takardar gwaji da ake tsomawa a ruwa ta canza launi ta nuna inda pH ya tsaya. Na ɗebi bokiti ɗaya, na riƙa kwarara shi daga sama zuwa wani bokitin, na mayar, na sake, har ya sha iska ya ƙoshi. Na ɗibi layim a kan cokalin shayi, ɗan mitsitsi, na zuba na motsa. Takarda ta nuna tara. Na bar shi a buɗe kwana biyu, dauɗar ta kwanta a ƙasa, ja da baƙi, kaifin layim ɗin kuma iska ta rage shi. Na tace ta cikin wankakken yashi, na sake tsoma takarda, ta sauko kusa da takwas. Aka dafa shayi ya fito shayi. Aka wanke farin kallabi ya fito fari.

Inna ta juya kallabin nan a rana ta ce, "Ashe boko na da rana."

Wannan kalma ita ta kashe ni. Da ta yi shiru da na tsira. Nan take, ba wanda ya tambaye ni, na ce ruwan bikin Balki gaba ɗaya a bar mini. Duro uku. Ba mai zuwa rafi. Na ce dangin ango da za su zo daga Kucheri ta ƙasar Tsafe, sai sun tambayi inda muka samo ruwa.

Biki ranar Asabar ne, na tsara zan iso Laraba, don ruwa ya samu kwanakinsa. Sai dai shekarar ce ta wahalar mai. Babur ɗin Lawali ya kwana biyu a layin gidan mai ya dawo yadda ya je, motocin tasha kuwa sai kallo. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce, kuma ba waya balle in aika a ce su nemi wata dabara. Sai da hantsin Asabar muka sauka Nahuce a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan taki. Ina sauka na laluba jaka. Layim yana nan. Takardar gwaji kuwa tana Gusau, a jakar makaranta, don na canza jaka na ɗauko wadda ta dace da ankon biki. (A nan ne mai hankali zai je ya durƙusa ya ce Inna a tafi rafi. Ku lura, na ce mai hankali.)

Gida cike da mata, ga duro uku an wanke an jera mini kusa da rijiya. Mai kula da girkin biki ita ce Gwaggo Kulu, ƙanwar marigayi mahaifin Lawali, gajeriyar tsohuwa mai ido kamar na shaho, wadda ba a taɓa jin ta yabi miyar wani ba. Tana ganina ta ce, "Matar Lawali, mun yi zaton ruwan naki ta gidan waya za ki aiko shi. Shinkafa dai na ɗora da na rahi, ba ni jiran boko da yunwar baƙi. Zoɓo kaɗai ya rage a sirka."

Maganar ta ɗan sosa mini rai, amma na ce ba komai, zoɓon ma ya isa a ga aiki.

Muka bugi ruwa da 'yan matan amarya, muna kwarara shi daga sama har durorin suka cika. Saura layim. A lissafi, in bokiti ya ci kan cokali, duro bai wuce cokali biyu ba. Amma sai wani tunani ya zo mini, irin wanda ke zuwa wa mai digiri kaɗai: in kaɗan yana aiki a kwana biyu, ai mai yawa zai yi a awa huɗu. Na nemi cokali ban samu ba, duk suna wurin girki. Ludayi na samu. Na zuba ɗaya a duron farko, na dube shi, na ga kamar na yi rowa. Na ƙara biyu. Sauran durorin ma na yi musu adalci, uku-uku. Na motsa da muciya, ruwa ya yi fari kamar koko, na rufe na ce kada wanda ya taɓa.

Bayan azahar na buɗe. Jama'a, ban taɓa ganin ruwa mai kyan wannan ba. Komai ya kwanta a ƙasa, na sama kuwa garau, har kana hango gindin duro. Na ɗebi na saman a hankali na tace da farin ƙyalle a manyan robobi. Mata suka taru suna leƙe. Wata ta ce kamar ruwan Makka. Ni kuwa ina tsaye ina gyara ɗaurin ɗankwali, ina amsa gaisuwa kamar wadda ta ci zaɓe.

Gwaggo Kulu ta zo ta tsoma yatsu biyu, ta murza su. "Ruwan ga naki santsi garai, awa na sabulu."

Na ce, "Laushi ne, Gwaggo. Haka ruwa mai kyau yake. Ba ku saba ba ne."

Ta dube ni, ta dubi yatsunta, ta goge a zane. "To, Allah Shi sa mu saba."

Ko a nan da na kai ɗigo ɗaya bakina, da labarin ya ƙare. Ban kai ba. Wai ni in ɗanɗana ruwa da harshe kamar wadda ba ta je jami'a ba.

Da la'asar dangin ango suka iso, mota guda ta mata, a gabansu Hajiya Ige, gwaggon ango, doguwa mai haƙorin Makka, irin matan da in sun zauna tabarma take zama kujera. Aka shimfiɗa musu a inuwar darbejiya, aka gaisa, aka kai abinci. Gwaggo Kulu ta sa aka fito da babban baho, a cikinsa zoɓon da ta dafa tun safe, mai kauri, ja wur, ƙamshin citta da kanumfari na tashi. Saura a sirka da ruwa a zuba sukari. Tana shirin a ja bahon bayan ɗaki, na ce a'a, a bar shi nan, ni zan sirka.

Kuma ban sirka shiru ba. Sai da na yi jawabi. Na durƙusa na ce wa Hajiya Ige, wannan ruwan da za su sha, na rijiyar gidan nan ne da kowa ya sallama, ni na cire masa ƙarfe da manganis ta hanyar kimiyya. Na ce in suna da irin matsalar a Kucheri, su aiko kawai. Hajiya Ige ta ce, "Madalla da ɗiyar zamani." Na hango Inna a bakin ƙofarta tana murmushi ƙasa-ƙasa.

Na ɗaga roba na tuttula.

Inda ruwan ya fara sauka, jan ya dushe ya koma shunayya. Na ce a raina haske ne. Na ƙara roba ta biyu. Shunayya ta koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Amma maimakon in tsaya, sai na ce wataƙila bai sirku ba ne, na juye ta uku na sa muciya na juya. Zoɓon Gwaggo Kulu, a gaban matan gari biyu, ya koma kore. Ba kore mai kyau ba. Koren miyar kukar da ta kwana.

Matan tsakar gida suka bar abin da suke yi, ido duk ya koma kan bahon.

Abin takaicin, a daidai wannan lokacin na san abin da ya faru, sarai. Zoɓo shi kansa takardar gwaji ne: a tsami ja yake, in kaifin kanwa ya yi masa yawa sai ya juye. Na baro 'yar takardata a Gusau, Allah Ya aiko mini da baho guda, a gaban shaidu. Kuma abin da bahon ke faɗa shi ne, ruwana ya wuce tara, ya wuce goma, yana can sama inda ba a sha.

Hajiya Ige ta leƙa bahon, ta koma ta zauna daidai. A hankali ta ce, "Mu dai a Kucheri, ja munka san zoɓo."

Wata daga bayanta ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji: "Abin sha ya juye ranar ɗaukar amarya, wannan ba banza ba." Sai a'uziyya ta fara zagaya tabarma. Wata ta janye kwanon shinkafar gabanta. Hajiya Ige ta juya wajen Inna ta ce, ba da faɗa ba, ita amana aka ba ta, ba za ta ɗauki yarinya ta kai ɗakin ɗansu ba sai ta san abin da aka zuba a bahon nan, da wanda aka nufa da shi.

Kun ji inda kimiyya ta kai ni. Balki na ɗaki an yi mata lalle tana kukan amare, ni kuma ina waje ina warware mata aure da muciya.

Nan ma ban ce na yi kuskure ba. Cewa na yi, "Wallahi Hajiya ruwan lafiyarsa lau, bari ku gani." Na ɗauki moɗa na cika daga roba, na kafa kai.

Ku haɗa alli da sabulun salo da ɓawon maɗaci, ku jiƙa. Harshena ya ƙanƙance, dasashina ya yi wani irin santsi, maƙogwarona ya rufe ƙofa ya ce ba ya nan. Ga kumatuna cike, ga idanu sun fi sittin a kaina. In tofar, na tabbatar da zargi. In haɗiye, ban san inda zan kwana ba. Na tsaya a haka, ido na zubar da hawaye, kwalli na gangarowa, ina ƙoƙarin yin murmushi da kumatu a kumbure. Na haɗiye rabi. Sauran rabin ya zaɓi hanyarsa da kansa, ta baki da ta hanci, a kan sabon ankona.

Gwaggo Kulu ce ta taso, ba gaggawa. Ta tsoma ɗan yatsa a bahon ta ɗora a harshe, ta tofar gefe.

"Ba sammu ba na. Kanwa ta, ko ƙanwar kanwa." Ta juyo gare ni. "Nawa kinka zuba?"

Na ce da muryar da ban san ina da ita ba, "Ludayi uku."

"A duro ukun?"

"Kowanne."

Ta ce a miƙo mata tsamiyar da aka jiƙa don kunu. Ta ɗebi koren zoɓon a kofin gilashi ta ɗaga yadda kowa zai gani, ta ɗiga ruwan tsamiya. Ja ya taso daga inda ya sauka, ya bazu, kofi ya koma zoɓo sak. Ta ce, "Kun gani? Kowace macen da ta taɓa sakin hannu da kanwa a miyar yakuwa ta san wanga. Aljani ba ya jin tsoron tsamiya, a kanta ma yake kwana."

Hajiya Ige ce ta fara. Dariya ta ƙwace mata har haƙorin Makka ya bayyana, sai tabarma gaba ɗaya ta ɗauka. Wadda ta janye kwano ta jawo abinta. Ni kuwa sai a lokacin na durƙusa sosai na faɗi gaskiya: na makara, na manta abin awo, na yi gaggawa, kuma Gwaggo ta gaya mini ruwan na santsi na ce mata ba ta saba ba ne.

Gwaggo ta ce, "Wannan na ƙarshen, ƙara faɗi, na baya ba su ji ba."

Na ƙara.

Inna ba ta yi dariya ba, ko kuma ta yi a ciki. Ta sa aka zubar da bahon duka, ta ce ba a ba baƙo abin da sai an yi masa magani. Ta sa aka kawo mini nono a ƙwarya in kurkure baki in sha. Sannan ta ce wa baƙi, "Ku yi haƙuri. Ɗiyata malama ta, ko gidan biki sai ta ba da darasi." Aka ɗora sabon zoɓo da ragowar ruwan rafi, bai isa kowa ba, aka cike da kunu. Kafin magariba aka fito da Balki aka tafi da ita Kucheri, inda na ji labarin ya riga ta sauka daga mota.

Ruwana bai tashi a banza ba. Da aka zo wanke-wanke, Gwaggo ta gwada shi a tukwanen miya, maiƙo ya fita kamar ba a taɓa girki a ciki ba. Ta aiko a gaya mini in na tashi yin wani, ta yi kamu, na wanki.

Washegari ni da Lawali muka kama hanyar Gusau. Ya yi gyaran murya ya ce, "An ce kin sha." Na ce na sha. Ya juya yana kallon gonakin dawa, kafaɗunsa na rawa har muka shiga gari.

Sai da na yi wata guda kafin na iya komawa Nahuce. Na je da takardar gwaji a ɗaure a bakin zane. Wannan karon ban yi jawabi ba. Muka huda gindin wani tsohon kwano ya zama kamar rariya, aka rataye shi a bakin famfo, ruwa na sauka yayyafi-yayyafi cikin duro yana shan iska. Layim cokali biyu, a shafe. Kwana biyu a buɗe. Sannan a bi da shi ta randar da muka cika da tsakuwa da yashi, a auna kafin a sha. Da yashin ya daɗe ya yi baƙi, shi da kansa ya riƙa kama manganis ɗin, har layim ya zama sai jefi-jefi.

Ranar da ruwan farko ya fito, na tsoma takarda ta nuna bakwai da ɗoriya. Na cika moɗa na durƙusa na miƙa wa Inna, ina nuna mata launin takardar. Ba ta ko kalli takardar ba. Ta ce, "Sha in gani."

Na sha. Ta zuba wa fuskata ido har sai da ta ga na haɗiye ban yi hawaye ba, sannan ta karɓa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da maƙogwarona na saye shi. Ruwa mai haske da mutum mai yawan bayani halinsu ɗaya, kada ka yarda da ɗayansu sai ka ɗanɗana. In kuwa kai ne mai bayanin, ka ɗanɗana a bayan ɗaki, kafin baƙi su iso.